Ranar Da Sai-An-Gwada Ta Manta Da Gwaji

A ɗakin gwaje-gwaje na asibitin ba mai kiranta da sunan yanka. Sai-An-Gwada ake ce mata, don ko likita na tsaye a kanta yana huci, ba ta saka jinin mara lafiya a na'ura sai ta fara saka jinin gwaji wanda ta san sakamakonsa, ta tabbatar na'urar ba ta tashi da ƙarya ba. Gajeriya ce mai taurin kai, ga 'ya'ya uku, ga farar rigar aiki da aljihunta ya sha tawadar biro.

Shugaban ɗakin ya kusa ritaya, kujerarsa kuwa sai mai digiri na biyu. Tana son kujerar nan, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Yayanta ya ce ta nemi babbar jami'ar da sunanta kaɗai ke buɗe ƙofa.

"Yaya, sunan nan da tsada yake, kuma sai na ajiye aiki," ta ce. "Wa zai riƙe min gida?"

Ana haka mijinta ya tono wata jami'a ta intanet, karatu kyauta, ko sisi. Abin nema ya samu. Ta faɗa ciki ba waiwaye, kuma a faɗi gaskiya malaman sun iya koyarwa.

Ta cinye zango guda cikin murna. Wata safiya tana ɗiga jinin gwaji, abokiyar aikinta ta tsokane ta: "Ke da ko ruwan sha sai kin leƙa, ita makarantar taki kin gwada ta kuwa?"

Kowa ya yi dariya ban da ita.

Ana tashi daga aiki ta wuce hukumar da ke ba su lasisi. Ma'aikaciyar da ta tarar ba ta yi mata kwana-kwana ba: "Baiwar Allah, ban ce karatunsu ba kyau ba. Amma ba mu tantance su ba. Takardarsu ba za ta ɗaga ki ko mataki ɗaya ba."

Kunya ta fi takaici cin ta. Yayanta ya samu abin faɗa, wai araha ba ta ado. Mijinta kuwa ya yi kwana biyu yana sunne kai, har shayi yake haɗa mata ba ta tambaya ba.

Wannan karon daga hukumar ta fara, ta tambayi wace makaranta suka yarda da ita a kusa. Aka nuna mata wata ƙaramar jami'a a bayan gari, fenti duk ya kwaile, ba wanda ke alfahari da sunanta a taro. Amma an tantance ta, ana biya kaɗan-kaɗan, karatu kuma ranar Asabar ne. Matsalar ita ce Asabar mijinta na shago, yara ba mai riƙewa.

Ta je ta zayyana wa mahaifiyarta komai.

"Ita ma kyauta ce?" tsohuwar ta tambaya.

"A'a, Inna."

"An gwada ta?"

"Na gwada."

"To. Kuɗi dai ba ni da su, kin sani. Amma Asabar ina da ita, ba abin da nake yi da ita. Kawo min yaran."

Sai-An-Gwada ta sunkuyar da kai, idonta ya cika da ƙwalla.

Asabar ta farko ta sauke yaran a ƙofar Inna, ta riga kowa shiga aji. Ta girmi har malamin, amma bencin gaba ta zauna.