Ranar da Roba Ta Samu Aiki

A gidanmu na Kagarawal, in aka sauke tuwo aka idar da isha'i, ba a kashe wutar murhu. Kakarmu Dada takan jawo tabarma kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. A bayanta akwai rumfar kara cike da abin da Babanmu ke kira tarkace, ita kuwa dukiya take ce masa. Gwangwanin madara ta kai wa maƙeri ya mayar da shi fitilar aci-balbal. Kwalba ta wanke ta kai wa masu man gyaɗa. Tsumma ya zama gammo. Wallahi ban taɓa ganin matar nan ta jefa abu a juji ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi. Baba, da ke aiki a tashar jirgin ƙasa, ya dawo da bokitai da kwanonin roba, ja da shuɗi, sai ƙyalli suke. Ya ce wa mahaifiyarmu, da ƙarfi yadda Dada za ta ji, gobe mai amalanke zai kwashe rumfar, don abin kunya ne a ga uwar ma'aikaci tana tsince-tsince.

To, Baba ɗan farin Dada ne, ita kuma Bafulatana ce ta gaske. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, balle ta roƙe shi. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Amma da muka zauna, Baba na can bakin zaure da rediyonsa, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu rediyo."

"Ta zo mu ji ta!"

Wai wata Ƙwarya ce mai ɗaukar nono. Ran nan ta tsage, gyartai ya ɗinke ta, ta koma awon dawa. Ta sake fashewa, ɓari guda ya zama marar kwasar tuwo, ɗaya kaji na shan ruwa a ciki. Da ta gaji liƙis aka sa ta a wuta, aka zuba tokar a gindin duma, ya haifi wata ƙwaryar. Ana nan sai baƙuwa ta sauka a gidan, sunanta Roba, ga kyau ga yanga, tana yi wa Ƙwarya dariyar ɗinki. Kwanci tashi, ita ma ta tsage. Gyartai ya sa allura, ta ƙara yagewa. Aka sa ta a wuta, hayaƙinta ya kori mutan gida. Aka binne ta, ƙasa ta ce ba ta ci. Sai ta zauna kan juji tana kuka: wa zai ba ni aiki?

Nan Dada ta tsaya, ta koma tona garwashi.

"Dada, sai aka yi yaya?" na tambaya.

"Yo ni ina na sani, 'yar nan? Ku tambayi wanda ya kawo ta gidan."

Muka ji an kashe rediyo.

Da safe mai amalanke ya zo, Baba ya ba shi goro ya sallame shi. Da yamma dai na gan shi ya wanke gwangwanin madarar da ya sha shayi da ita, ya ajiye a bakin rumfa, ya wuce kamar ba shi ba.

Rumfa ta tsira, amma kasuwa ba ta jin tatsuniya. Masu mai suka koma jarka da leda, lantarki ya kashe aci-balbal. Dada ta ci gaba da wanke kwalaben da ba mai saye har Allah ya karɓi abarsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Yau ina da fili a Tudun Wada inda nake sayen tsofaffin robobi daga gidaje, mu ware, mu niƙa, a kai Kano a narke. Aiki ne mai wuya. Farashi ya hau yau ya faɗi gobe, kuɗin mota ya cinye riba, mutane su haɗa maka roba da ruɓaɓɓen tuwo a buhu ɗaya, baƙar leda kuwa har yanzu ba mai so. A unguwa Hajiya Bola suke ce mini. Su faɗa! Ni jikar Dada ce, kuma ina alfahari da hakan.

Ranar da direba ya kawo mini bokitin farko da aka ƙera da irin robar da muke niƙawa, gida na nufa da shi. Baba ya tsufa, yana zaune daidai inda rumfar take a da. Na durƙusa na ajiye a gabansa.

"Baba, Roba ta samu aiki."

Ya daɗe yana shafa bakin bokitin. Sannan ya juya wajen ɗakin mahaifiyarmu, ya ɗaga murya yadda na can nesa zai ji, kamar yadda yake yi a da in yana so Dada ta ji.

"Kin ji ko? An ce ta samu aiki."