Ranar da Habiba Ta Jiƙa Littafin Kimiyya

Saura kwana biyu jarrabawa, na dawo daga sallar la'asar na tarar da jikata Habiba tsugune gaban kwanon sha. Littafinta na kimiyya ne a ciki. Duk abin da ta kwafa tun shigarta aji ɗaya na sakandare ya dame kamar koko.

A Samaru muke, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa. Ubanta kuwa ya riga ya yanke: in ta faɗi, maimaita aji za ta yi, ƙawayenta su wuce ta.

Na ce, "Ke, me kike yi haka?"

Ta ce, "Kaka, ba kai ka ce rubutun sha ba ya barin ƙirji ba? In na allo ya zauna, na biro ma zai zauna."

Na ce, "Mai allon sai da ya haddace kafin ya wanke."

Nan ta fashe da kuka.

Na ja ta zuwa Palladan, gidan su Rifkatu 'yar ajinsu. Na roƙi aron littafinta, uwar Rifkatu ta ce, "Baba, tawa ma jarrabawar za ta yi. Littafi ba zai fita ba, sai dai ta zauna nan ta kwafa."

Wuni biyu Habiba tana kwafa a kan tabarmarsu, Rifkatu tana yi mata tambayoyi, ni ina fargabar ubanta ya ji.

Da ƙyar ta haye. Har yau tana cewa kurɓi biyun da ta yi wa ruwan littafin kafin in iso ne suka taimaka, ni kuwa na ga yatsun da suka kumbura.

Ku fa, wace dabara tsoron jarrabawa ya taɓa sa ku?