Dashin Kaka

A gefen gonarmu, hanyar Dogarawa, akwai itacen dashi guda. Mummuna ne, duk ƙaya, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta matsa. Kakata kuwa tana kula da shi fiye da yadda take kula da ni.

Da bazara takan tsaga bawonsa da wuƙa, ta bar shi ya yi hawaye. In ƙaron ya daskare sai ta ɓamɓaro, ta zuba a gwangwanin madara. Ba ta taɓa jefa ko ƙwaya a wuta ba. Na likkafaninta ne, in ji ta. Uwarta da shi aka turara nata.

"Amarya, wa za ki yi wa ƙamshi a rami?" nake tsokanarta.

"Ba kai ba dai, mijin banza. Kai ko wanka ba ka yi."

A da akwai dashi da yawa, amma an sare su an yi shinge. Namu ma kowace shekara hawayensa raguwa yake. Bara abin da muka samu, wallahi tururuwa za ta ɗauka ba ta yi nishi ba.

Sai ciwon ƙirji ya kama ta da damina. Tana kwance ba ta san inda take ba, sauro kamar za su ɗaga gadon. Innata ta ga gwangwani, ta ɗauka turaren ɗaki ne, ta riƙa zubawa a kasko kowace yamma. Ni ina wajen noma. Ran da na ji ƙamshin daga ƙofar gida na ruga, amma gwangwanin ya riga ya zama fanko.

Da ta rasu aka fesa wa likkafanin turaren kwalba na kasuwar Konni. Na yi magana, baba ya ce in rufe baki, ba ranar surutuna ba ce.

A maƙabarta aka rasa itacen da za a jera a kan kabari. Kawuna ya ɗauki gatari ya nufi gonarmu, don ita ce kusa, ya sare dashin. Ni aka ɗora wa rassan. Suna ta zubar da danƙo a wuyana, ƙamshin yana shiga hancina har na kasa ganin hanya.

Da su aka rufe ta. Kututturen bai sake toho ba.