Inna da maɓallin saƙon murya

Da takardar canjin wurin aiki ta fito, aka ce in bar lakwal, wato makarantarmu ta Gure, in koma Damagaram, tunanin Inna ne ya fara zo mini. Yayanmu, ɗanta na fari, yana aikin gini a Libiya, kuma duk labarin da ke shiga tsakaninsu ta bakina yake bi. In na tafi, shi ke nan, zaren ya tsinke.

Sai na zaunar da ita a gindin bishiyar bedin tsakar gida, na ɗora mata salula a hannu. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, na ɗauka aikin yini guda ne. Na nuna mata inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa, wajen turken awaki, na nuna mata hoton Yaya, na ce ta danne maɓallin nan, ta yi magana, ta saki. Wallahi ta fi ɗalibaina saurin ganewa. Ta aika wa ƙanwarta a Gidigir gaisuwa har da tsegumin kishin maƙwabta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Da aka zo kan Yaya sai ta danne ta yi gum. Ta saki, ta gyara mayafi.

"Inna, ki yi magana mana, yana jira."

"Ke, ba ki da ta ido? Ni zan buɗe baki in yi wa wancan magana?"

Na manta da kunyar ɗan fari. Tun tasowarmu ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta ce masa ci kanka ba, ko tuwo ta hannuna take miƙa masa. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa, na ce mutum yana can cikin baƙin mutane, muryar uwarsa ma ta gagare shi. Ta bar ni na gama, sannan ta danne maɓallin, ta juyo ta kalle ni.

"Ki gaya wa wancan ya riƙa cin abinci. An ce ya rame."

Haka muka yi ta yi har ranar da na hau mota. Na tafi da fargaba, don na san babu wanda za ta kalla.

Bayan na kwana biyu a Damagaram sai Yaya ya turo mini wani saƙon murya da Inna ta aika masa. Na saurara. Ga kukan awaki, ga Inna ita kaɗai a tsakar gida, tana cewa, "Ki gaya masa na ji tarin nan nasa, ban ji daɗi ba. Ki ce masa ya dawo gida haka nan."

Na zauna a bakin aji na yi kuka, yara suna leƙena ta taga.