Taurin da Ke Cikin Kakata

Jiya wata mata ta shigo ɗakin ba da magani inda nake aiki a Kano, mayafinta na ƙanshin hayaƙin banda. Sai da na dafa tebur kafin na karɓi takardarta.

A Haɗeja na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka mu biyu ne kawai a gidan, can bakin fadama. Bandar kifi ce sana'arta. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, masunta kan kawo mata tarwaɗa kwando-kwando, ta lanƙwasa kowace ta jera a kan waya, ni ina tura itace. Ba ta da yawan magana. Mukan wuni ba mu ce wa juna komai ba, sai tartsatsin kitse a wuta.

Ina da shekara tara ta fara gajiya. Loma uku, sai ta ture akushi ta ce ta ƙoshi. Wata rana da hantsi ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikinta na hagu. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwarya a kife.

“Ƙawata, kin ji shi? Kullum ƙaruwa yake yi.”

Kawuna ya kai ta asibiti a Kano, na bi su riƙe da buta. Likita ya ce saifarta ce ta kumbura, saboda fararen ƙwayoyin jininta suna ta hayayyafa ba tsayawa. Ta dube shi ta ce, “To ɗana, wa yake ce musu su ƙaru?” Ya yi murmushi, ya ci gaba da rubutu. Muka dawo gida da magungunan da ba su hana komai ba. Ta ga damina biyu. A ta ƙarshe ni nake juya kifin, tana jingine da bango tana nuna mini da baki.

Sai a jami'a na ji amsar tambayarta. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu sinadaran furotin iri-iri da ake kira kainas. Idan saƙo ya iso daga waje, na farko ya manna wa na biyu ɗan sinadarin fosfet ya tashe shi, na biyu ya tashi na uku, har umarni ya kai tsakiyar ƙwayar cewa ta rabu gida biyu. Daga nan kowa ya lafa. A cutar kakata, ɗaya daga cikinsu ne ya lalace, yake ta tashin na gabansa ba tare da an aiko shi ba. Na zauna a ajin har kowa ya watse.

Yanzu akwai ƙwayar magani da ke toshe wannan kainas ɗin, kuma ni nake miƙa ta. Akwai wani tsohon manomin shinkafa da ke zuwa daga Kaugama, ya shekara shida yana sha. Kukansa ɗaya, wai tana kumbura masa fatar ido, jikoki suna yi masa dariya.

Bara na je Haɗeja. Ciyawar kacalla ta cinye mashigin da masunta ke ɗaure jirage, gidanmu kuma an yi masa bulo, wasu ne a ciki. Matar gidan ta ba ni ruwa, ta tambaye ni wa nake nema. Na ce babu kowa, na sha, na yi mata godiya.