Ranar Da Taubashina Ya Fara Kira Na Alhaji

A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin tumaki da awaki ne a Kazaure, kuma har yau sana'ata ke nan. Ban gaji komai ba. Da jan igiya na fara, ina riƙe wa manya dabba a kasuwar Babura, har na kai matsayin da idan na ɗora hannu a gadon bayan rago na faɗi abin da ke jikinsa, ba mai yi mini musu. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni ido ya ba ni baki, su ne jarina. Mutane suna cewa ba na ɓoye magana, ni ma ina jin daɗin a faɗa. Abin da ba sa faɗa, wanda kowane dillali ya sani, shi ne ragon da ka fi so a garke shi za ka fi kushewa. Ka ce ƙahonsa ya karkace, ka ce kamar ka ji yana tari, har idon sauran masu saye ya bar kansa. A kasuwa ba a kiran wannan ƙarya, iya aiki ake cewa. Ni kuwa na ɗauki iya aikin nan na kai shi inda bai dace ba.

Wani direban da ke ɗaukar mana dabbobi ne ya koya mini wasan kati na waya, don rage zaman jira tsakanin kasuwa da kasuwa. Ba caca ba ce. Mutum yana tara katuna masu hoton mayaƙa da dodanni da masu magani, ya zaɓi wasu ya haɗa, ya shiga fage da su ya kara da wani da ke can wata duniya. Abin da mutum ya haɗa ɗin nan mu zubi muke ce masa. Ban daɗe ba na gane aikina ne aka zuba cikin waya: ka kalli kaya ka san mai ƙwari da mai kumburin banza. Muna da guruf na 'yan wasan, akwai mutanen Kano da Daura da Damagaram har da 'yan Arewa mazauna Legas, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Duk lokacin da waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka ƙara wa wani kati ƙarfi ko suka rage wa wani, ni ake jira in jera zubin da suka fi ƙarfi, in ce ga na sahun gaba, ga na tsakiya, ga na baya waɗanda ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Abin da na ɗaga shi kowa zai haɗa, abin da na yar ba mai waiwayarsa. Ina jin daɗin wannan girma fiye da yadda ya kamata magidanci ya ji.

Ina da taubashi a Roni, ɗan gwaggona, tela ne, sa'ana. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san abin da ke tsakaninmu. Tunda muka yi wayo bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ɓarawon akuya ko mai warin bunsuru. Da na dawo daga aikin Hajji kowa ya koma ce mini Alhaji, shi kuwa ya ce a fara ƙirga tumakin Makka tukuna. Ni ma ba na raga masa, nakan ce duk wanda ka gani a Roni ƙafar wandonsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ka san shagon da ya fito. Shagonsa majalisa ne, daga safe har la'asar ba ya rabuwa da mutane. Sai wata rana hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma fita da kyar. Da farko gidan ya cika da 'yan dubiya, a hankali ƙafa ta ɗauke. Waɗanda ke zuwa kuma da fuskar tausayi suke shiga, su yi ta sannu da Allah ya ƙara sauƙi, shi kuwa ya juya fuska bango. Ni da na shiga cewa na yi Allah ne ya dubi wandunan Roni ya ji ƙansu. Na kwaikwayi yadda yake jan magana, na ce yanzu ko zagina zai yi sai na gama cin tuwo kafin ya kai ƙarshe. Ya yi dariya har da hawaye, Gwaggo ta ce tunda ya faɗi ba ta ji dariyarsa ba sai ranar. Ya ce da ni, a hankali, kowa ya binne shi da rai sai ɓarawon akuya.

Ni na sa masa wasan a wayarsa, na shigar da shi guruf da wani laƙabi da ya raɗa wa kansa. Ya roƙe ni abu ɗaya: kada in gaya wa kowa ko shi wane ne, balle halin da yake ciki. Na ce wa zai so a san yana da dangi irinsa. Wasan yana da agogo, idan lokacinka ya ƙare ba ka gama jefa katunanka ba, an wuce ka. Zubin da nake ɗagawa duk masu sauri ne, sai ka jefa kati da yawa a juyi ɗaya, shi kuwa babban yatsan hagu kaɗai yake da shi. Sai ya zauna, da haƙurin mai zura zare a allura, ya haɗa nasa daga katunan da kowa ya raina: ganuwa, masu magani, da wani tsohon maƙeri da ba wanda ke sakawa. Kati ɗaya yake jefawa a juyi, ya tare, ya warke, ya sake tarewa, har abokin karawa ya ƙarar da duk abin da ke hannunsa, sannan ya bi shi a hankali ya gama da shi. Ba a jima ba aka fara tsoron mutumin Roni, kamar yadda ake kiransa a guruf. Ba ya saƙon murya, rubutu yake yi gajere mai zafi, suka ɗauka wani ƙasaitaccen mutum ne mai ji da kansa. Idan na je, sai ya nuna mini inda wani ɗan Legas ya zage shi don haushin an cinye shi, yana murna kamar an yi masa albishir. A cikin wayar nan shi ba majinyaci ba ne, mugun abokin karawa ne da ake addu'ar kada a haɗu da shi. Matarsa ta ce har wanka ya koma nema da kansa, ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida.

Da aka shirya gasa a guruf, na je na zauna gefensa ya koya mini zubin nasa kati bayan kati, yana cewa yau bunsuru ya zo makaranta. Ina kallo na san ban taɓa ganin irinsa ba, duk zubin da na sa a sahun gaba wannan zai iya karya shi. Nan take dillalin da ke cikina ya farka. Na ce a raina idan na ɗaga shi, kowa zai haɗa, ko ya nemo maganinsa kafin gasa. Idan kuwa na kushe shi, ni da shi kaɗai za mu shiga da shi. Ban ga laifi ba, har gani nake gata na yi mana. Na fitar da jeri, na jefa zubin ganuwa can ƙarshen sahun baya, na ce na masu barci ne, ba ya cin kowa sai wanda ya gaji da zama.

Wani ɗan Kano mai kaifin kai bai yarda ba. Ya tambaya a gaban kowa, ta yaya zubin da mutumin Roni ya share kusan duk guruf da shi zai zama na baya, ko dai idon dillali ya fara mutuwa ne. Wasu suka mara masa. Ina tsaye a kasuwar Gwiwa da rana tsaka, igiyar tunkiya a hannu, maganar ido ta soke ni. Da na tsaya na yi tunani da na yi shiru, amma bakina ya saba rufe ciniki kafin mai saye ya farga. Na danna saƙon murya ina dariya. Na ce su kwantar da hankalinsu, mutumin Roni taubashina ne, ba dabara ce ta sa yake jefa kati ɗaya ba, hannu ɗaya gare shi, ɗayan ya tafi hutu. Na ce gajiya da jiransa ce take kayar da su. Sannan na kwaikwayi maganarsa, irin yadda nake yi a bakin gadonsa yana dariya. Wallahi a lokacin ban ji na yi wani abu ba. Wasan da muke yi tun muna yara ne, na manta cewa waɗannan mutanen ba gwaggonsu ce ta haife shi ba.

Na zaci dariya za a yi. Mutum biyu suka yi, manyan guruf suka tsawata musu. Abin da ya biyo baya ya fi dariya muni. Saƙonni suka yi ta zuba, Allah sarki, ashe bawan Allah ba shi da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Ɗan Legas ɗin da ya taɓa zaginsa ya fito ya nemi gafara, ya ce da ya sani da bai buɗe baki ba. Da aka fara gasa, wanda aka haɗa su da farko ya jefa kati biyu ya sallama, ya rubuta cewa ba zai iya yaƙar majinyaci ba. Na biyun ya yi ta jefa katunan banza da gangan, kowa yana gani, da aka cinye shi ya yi ta kirari wai gwani ya yi aiki. Taubashina bai shiga zagaye na uku ba. Sai kawai muka ga ya fita daga guruf. Ni na ci gasar, da zubinsa, ba wanda ya shirya masa kamar yadda na tsara. Ana ta yi mini barka, ni kuwa ina kallon wayar kamar na sayi rago na iske mushe ne.

Na hau babur na tafi Roni da shirin in sha zagi, har na tanadi abin da zan mayar. Na same shi a ɗaki, an mayar da kujerar ciki. Da ya gan ni ya yunƙura ya gyara zama, ya ce wa matarsa ta shimfiɗa wa Alhaji darduma ta kawo wa Alhaji ruwa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiyar hanya. Na ce masa ya bar wannan iskancin, ni ne fa ɓarawon akuya. Ya ce subhanallahi, wa zai kira babban mutum da wannan suna. Na tsokane shi da maganar wando, ya yi murmushin da ake yi wa baƙo. Al'ada ba ta ba shi damar ya yi fushi da wasan taubashi ba, idan ya yi shi za a ba rashin gaskiya, saboda haka bai yi fushi ba, girmama ni ya yi. Da zan fita Gwaggo ta tsayar da ni a zaure. Ba ta san komai game da kati ba, amma ta ji saƙon, don ya yi ta maimaita shi har ta haddace. Ta ce ita ta haife shi amma ba ta iya ba shi dariya ba, ni na iya, shi ya sa take sa mini albarka. Ta ce abin da ya ba ni ni kaɗai, na ɗauka na raba wa mutanen da ko sunansa ba su sani ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa irin na ɗan kasuwa. Na koma guruf na faɗi gaskiya, na ce da gangan na kushe zubin don in ci gasa da shi, na fitar da sabon jeri na sa shi a kan gaba, na ce duk cikinmu ba wanda ya kai mai shi basira. Suka ce Alhaji ya kyauta, haka ake so a riƙa faranta wa marasa lafiya. Gaskiyar ma ta koma sadaka. Na saya masa sabon layi, na ce ya shiga da wani suna ba wanda zai gane shi. Ya yi godiya sosai, ya ce idonsa ne ba ya son hasken waya yanzu. Ni da shi mun san duk wanda ya ga ana jefa kati ɗaya a juyi zai gane ko wane ne, kuma ko ya ci ba zai taɓa sanin cinyewa ya yi ko bar masa aka yi ba. Abin da na ƙwace masa ke nan, kuma ba a sayar da shi a Babura balle in sayo in mayar.

Na bar jera zubi, wasan ma na goge shi. Abin da na koya shi ne, wasa ba kalmomin ba ne, wanda ya faɗa da inda aka faɗa ne. Abin da yake magani a bakin gado yana iya zama wuƙa a gaban baƙi, kuma waya ba tsakar gida ba ce ko da a tsakar gida kake riƙe da ita. Ina jan kunnen masu baki irina, da duk wanda aka ɗora wa yarda a kan ya faɗi wane ne gaba wane ne baya, ko a wasa ne: kafin ka yar da abu don wata riba taka, ka duba wa ke jingine da shi. Idan kuma wani ya ce ka rufa masa asiri a kan lalurarsa, kada ka auna girman asirin da ma'auninka, kai da ke da hannu biyu.

Taubashina yana nan da rai. Duk sati nakan biya Roni, a shimfiɗa mini darduma, a kawo mini ruwa a kofin baƙi. Da gangan nake zuwa daga kasuwa ban canza riga ba, in zauna dab da shi da warin awaki a jikina, ina jira. Yakan ce Alhaji an sha hanya. Na roƙi Allah abubuwa da yawa a rayuwata, ya ba ni mafi yawansu. Yanzu abin da nake roƙo bai wuce ya nuna mini ranar da mutumin nan zai toshe hanci da hannunsa na hagu ya sake zagina ba.