Na Sauka Tsibirin Ni Kaɗai

Maigidana ɗan baffana ne. A gida ɗaya muka tashi a Djougou, shi ya sa har ya bar duniya Yaya nake ce masa. Kakanninmu fataken goro ne, amma shi da ya gama lakol, wato makarantar boko, sai ya samu aiki a wani kamfanin Faransawa mai sayen auduga da ƙwarar kaɗe a Parakou, muka kama haya a unguwar Kpébié.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ƙasar ma Dahomey ake kiranta tukuna, kamfanin ya tura shi Faransa koyon aiki na 'yan watanni. Ya ce ƙafarsa ƙafata. Lokacin ban haihu ba, babu abin da ya riƙe ni, sai kukan da Iyata ta yi ta yi a tashar jirgin ƙasa ranar da za mu gangara Kwatano.

Muna shirin komowa daga Faransa sai matar patron ɗinsa, wato shugabansa a kamfanin, ta faɗi ta karye a ƙafa. Ashe sun riga sun kama wuri a wani babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, wanda ke zagaya tsibiran arewa ya dawo. Patron ya ce kada wurin ya tafi a banza, mu je. Madam ma ta ara mini rigar sanyinta.

Ban taɓa ganin Yaya cikin murna irin ta ranar ba. Tun yana yaro yake son labarin ƙasashe, yakan zana mana taswira a ƙasa da tsinke yana faɗin sunayen tekuna. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Sai ga shi da jirgi ya shiga ruwa mai zurfi, ni lafiyata lau, ina cin abinci ina yawo, shi kuma ya kwanta. Amai ya fara, zazzaɓi ya biyo baya.

Da safiyar da muka iso tsibiran da Faransawa ke kira Féroé, likitan jirgi ya duba shi ya ce kada ya kuskura ya shiga iskar waje. Na cire takalmina na zauna bakin gado.

"Me kike yi?" in ji shi.

"Zama. In bar ka haka in tafi ina?"

"Haba ƙanwata. Mu zo har nan mu duka biyu mu koma ba wanda ya taka ƙasar? Tashi ki je ki gano mana. In kin dawo ki faɗa mini, kada ki rage komai."

Da ƙananan jirage aka kwashe mu zuwa gaɓa. Mai yi mana jagora ya ce nan ne babban birnin tsibiran. Na duba, na ga ko Djougou ta fi shi girma. Gidajen katako ne, wasu baƙaƙe wasu jajaye, ciyawa kore shar ta tsiro bisa rufinsu kamar an shuka ta da gangan, kuma ashe da gangan ɗin ne. Tudun da ke bayan gari babu itace ko ɗaya, sai tumaki. An rataye kifi a jikin bango yana shan iska, warinsa ya cika lungu. Da aka nuna mana gidan gwamnati na ɗauka sito ne. Mutanen garin suna kallona, amma kallo na kunya, in mun haɗa ido sai su sunkuyar da kai.

Faransancina bai kai in bi bayanin jagora ba, sai na riƙa ja da baya. A wani lungu mai duwatsu na ga wata tsohuwa zaune bakin ƙofa tana saƙa. Gefenta akwai kwando cike da gashin tumaki da aka sharce, da wani abu da na gane nan take: mazari. Ya fi na Iyata tsawo, amma mazari ne.

Na tsaya. Ta dube ni, ta dubi inda nake kallo, ta miƙo mini shi. Na tsuguna na ja gashin kamar yadda ake jan auduga, zaren ya tsinke. Na sake, ya sake tsinkewa. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kama yatsuna ta nuna mini in sassauta. Gashin yana da maiƙo, ba ya son a matsa masa. Da zare ya fara fita sumul, sai ta tafa hannu ta ja ni cikin gida.

Ɗakin ƙarami ne, mai ɗumi. Ta zuba mini shayi, ta yanko burodi. Tana magana da harshenta, ina amsawa da Hausa, ba mu fasa ba. A bango akwai hoton wani saurayi da hular masunta. Ta nuna shi, ta dafa ƙirjinta, sannan ta nuna teku ta taga ta girgiza kai.

"Allah ya ba ki haƙuri, Iya," na ce.

Ta gyaɗa kai kamar ta ji. Ni ma na nuna mata jirginmu, na kwantar da kumatuna bisa tafin hannu, na yi rawar sanyi, don ta gane maigidana yana can kwance ba lafiya. Ta tashi ta ɗauko safa mai kauri ta maza ta cusa mini a aljihu. Ban da abin ba ta sai kallabina, na kwance na ba ta. Ana haka jirgi ya yi ƙara, na fita da gudu cikin yayyafi, kaina a buɗe.

Na tarar da Yaya ya ja kujera gaban 'yar tagar ɗakinmu, ya lulluɓa da bargo. Ya ce hazo ya rufe komai, rufin gidaje kaɗan ya hango. Na ba shi labari tun daga farko, yana tsayar da ni da tambayoyi. Ƙofofin wane launi ne? Akwai kasuwa? Yawancinsu ban da amsa. Ya sa safar, ya ce, "Ba komai. Za mu dawo, ki kai ni gidan tsohuwar nan in yi mata godiya."

Ba mu koma ba. Haihuwa ta zo, sojoji suka yi ta karɓar mulki, kamfanin ya tattara ya tafi. Yaya ya buɗe ɗan shago a unguwar Titirou, da shi muka riƙe yara. Ko Kwatano sai ya shekara bai je ba. Amma in baƙi sun zo daga Djougou, shi ke ba su labarin tsibirin, da ciyawar rufi da warin kifi, har ya fi ni iyawa. Wani lokaci ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba ne?" in ce haka ne. Sau ɗaya wani baƙo ya tambaye shi ko sanyin garin ya dame shi. Sai ya ce, "Ai ni ban sauka ba. Ita ce ta sauka." Daga nan ya canja zance.

Abin yana damuna har yau. Shi ya so wurin tun yana yaro, ni kuwa ban ma san akwai shi ba, amma ni aka ba. Da na san ba za a sake ba, da na ƙara buɗe ido, na leƙa kowane lungu saboda shi. Tsohuwar ma ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Da ya rasu na koma Djougou wurin 'yata. Jikokina sun san kakarsu ta taɓa zuwa wata ƙasa mai sanyi, ba su cika tambaya ba, ni ma ban cika tayar da zancen ba.